Hajara Ba Satar Amsa Ta Yi Ba, Kwanciya Ta Yi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Binciken Satar Amsa,
na hukumar da ta riƙe sakamakon 'yarmu,
Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da mai gadinka da yanzu ya fi matata sanin fuskata. Na yi ta sintiri a ofishinka, kullum Oga yana mitin. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani da kuke shan shayi tare zai karanta maka.

Sunana Sule, gwanjo nake sayarwa a kasuwar Masaka. Hajara 'yar marigayi ƙanena ce. Tana zaune da mahaifiyarta a garinmu, inda ake jin harbi kamar yadda kuke jin hon na mota a nan. An rufe cibiyar jarrabawar yankinmu, sai na ɗauko ta ta rubuta a Abuja. Yanzu an riƙe sakamakonta, wai ta yi satar amsa. Aikin jinya take son karantawa, makarantar kuma ba za ta jira ta ba.

Na ɗaya, yadda aka koyar da ita. Malami guda ya rage a makarantarsu, Malam Bitrus. Sauran sun nemi canjin wurin aiki, ban kuma ga laifinsu ba. Shi ne na lissafi, shi ne na Turanci, har kimiyyar da sai ya karanta yau ya koyar gobe. Garin babu sabis. Ni nake aika masa tsofaffin tambayoyi a memori ta hannun direban motar wake, in hanya ta buɗe. Da yake a kwamfuta ake jarrabawar, madanninta a kwalin taliya ya zana wa ɗaliban, suna dannawa da yatsa. Amma darasinsa na farko kowane zango ba ya cikin manhajarku: in kun ji ƙara ku faɗi ƙasa, ku jawo na kusa da ku, kada wanda ya ɗaga kai sai Malam ya yi magana. Sun fi haddace wannan a kan biyu sau biyu.

Na biyu, abin da ya faru. Ana tsakiyar jarrabawa janaretan cibiyar ya yi wata ƙara, ɗau! Ko wuta ba ta ɗauke ba. Yaran Abuja suka yi tsaki suka ci gaba. Hajara ta zube ƙarƙashin tebur, ta finciko yaron da ke gefenta, wanda ba ta taɓa gani ba, ta danne kansa, ta yi masa raɗa. Shi ya fizge ya koma kujerarsa. Ita ta ci gaba da kwanciya tana jiran muryar Malam Bitrus, lokacinta yana ta ƙarewa, har mai sa ido ta zo ta ɗaga ta. An ce mini kyamara ta nuna riƙe hannu da raɗa. Ban musa ba. Abin da ta raɗa masa shi ne kada ya ɗaga kai.

Na uku. Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ba waliyyi ba. Na iya ninke riga yadda ƙunar guga ba za ta fito ba sai mai saye ya kai gida. Da sata nake so, na san wuraren da daƙiƙi yake shiga ya fito da kiredit a jarrabawa, an ma yi mini tayi. Mai satar amsa a hankali yake yi, fuska kamar ta liman. Wane ɓarawo ne zai bar tambayoyinsa ya kife a siminti a gaban jama'a? Sai dai bakin nan nawa, da ya sayar da kwat a watan zafi, ya kasa wuce teburin sakatariyarka.

Roƙona kaɗan ne. A sake kallon bidiyon, wannan karon a kunna sautin. A nemo yaron nan a tambaye shi abin da ta ce masa. In duk ba za a yi ba, a bar ta ta sake zama, ko da a gabanka ne.

Hajara ta koma gida. Har ta shiga mota tana ba ni haƙuri, wai ta ba ni kunya a birni. Sai ga direban motar waken ya dawo mini da saƙon Malam Bitrus: yana da ɗaliban da za su rubuta baɗi, ya daina koya musu kwanciyar ne? In ya ci gaba, za ku kama su. In ya daina, ban san ko za su kai baɗin ba. Ni da ba a taɓa ƙure ni a ciniki ba, na tsaya ina kallon tayar motar. Direban zai koma ranar kasuwa. Kai ka yi karatu, ranka ya daɗe, ka faɗa mini abin da zan ce ya gaya wa Malam.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa 'ya'yanka kada su taɓa buƙatar wannan darasi.

Wassalam.

Sule mai gwanjo,
Masaka.