Ban Taɓa Gaida Baba a Tsaye Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga 'yarki ta Gusau, da fatan kina cikin rahama.

Inna, gwiwarki ta zo mini. Ita ce sak: tauri da safe, ƙara in na miƙe, kumburi da la'asar. Ina yi miki tsiya da, in kin dafa bango za ki tashi, ke kuma ki ce, "Yi dariyarki, tana nan tahe." To, ta iso.

Likita ya duba hoton gwiwar ya ce guringuntsin ya cinye, kuma ba ya dawowa. Wai in rage ƙiba, in riƙa motsa ƙafar kullum, in je gashin ƙashi a asibiti. Ya ba ni man shafawa da ƙwayoyi, ya ce kar in zarce saboda cikina. In ta ƙi, allura a cikin gaɓar. In ta ƙi sam, sai aiki, a sa ta ƙarfe. Gwaggo Hajo kuwa ta aiko daga Tsafe wai a kira wanzami ya kafa ƙaho. Na tuna tsagar da ke gwiwoyinki, da yadda kika koma dafa bango bayan kwana uku, na watsar da maganar ƙahon.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sakat shi ne likitan ya ce kar in sake durƙusawa.

Ke kika koya mini gaida Baba, gwiwa biyu a ƙasa tun daga bakin zaure. Shekarata hamsin ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ta yaya zan shiga garinmu Karakkai in tsaya masa a ka? Sau biyu ina zuwa tasha ina juyowa. Wata uku ke nan ban je ba, ga shi ya tsufa ƙwarai, har ya fara tambayar mutane ko wani laifi ya yi mini. Wallahi wannan ya fi gwiwar ciwo.

Jiya Yaya Sani ya gaji ya faɗa masa gaskiya. Saƙon da ya kawo mini ke nan: "Ce mata ni ma ban iya tashi. Ta taho mu zamna."

Na yi kuka, Inna, ba kaɗan ba. Gobe motar farko zan bi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya bar mini Baba in same shi.

Taki har kullum,
Rabi