Gayaunata Kafin Ruwan Shuka

Yaya Sanda,

Gaisuwa mai yawa daga Abijan. Yaya jikin Inna, da Barira da yara? Ina fatan zafin bazara bai matsa muku ba a Gazawa. Ni lafiyata ƙalau.

Ka tuna littafin da nake rubuta abin godiya ga Allah kullum? Ban fasa ba. Da can a tsaye nake rubutu, tsakanin awo da yanka: keken ɗinki bai lalace ba, telolina sun zo da wuri. Yanzu lokaci ya wadata. Masu faɗaɗa titi sun shafa wa shagona jan fenti, za a rushe layinmu kafin ƙarshen wata. Na nemi wani wuri ban samu ba, telolin kuma sun watse.

Jiya na daɗe riƙe da alƙalami. Abin da na iya rubutawa kawai shi ne, ina da gayauna a gida. Sai na tuna bara na ce ka bar wa Salim ɗan Kawu ita, wai ni na gama da hauya.

Don Allah, Yaya, in bai kai mata taki ba, ka ba shi haƙuri. In ya kai, ba zan tashe shi ba, ka roƙa mini ko gefe ɗaya. A ajiye mini irin gero, ko tiya guda ce. Ka amsa kafin ruwan shuka.

Kada Inna ta ji dalilin dawowata gida. Ka ce mata furarta nake marmari.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Muhsin