Baba Ya Sauke Hotonsa

Daren Laraba, Gwallameji

Yau ni da Yaya Sani mun kusa ɓatawa a kan maganar tsige shugaban ƙasa da ake ta yi a rediyo. Shi cewa yake wata nawa ya rage masa, a bar shi ya ƙarasa. Ni kuwa na ce ko kwana ɗaya ya rage a sauke shi, don na baya su ji tsoro.

Baba yana kan tabarma yana jinmu. Tun da ya kwanta ciwo bai cika magana ba. Da yana masinja, shi ke sauke hoton shugaba a ofishinsu duk lokacin da mulki ya canja.

Bayan la'asar na tarar da shi tsaye a kan kujera, mutumin da ko alwala sai an riƙe shi. Hotonsa na aikin Hajji ya ciro daga bango, ya kife.

Na ce, "Baba, ai naka ne."

Ya ce, "Na sani. Ba ke kika ce kada a jira ba?"

Na mayar da hoton. Ga shi yanzu ina jiyo shi yana jan kujerar.