Tanti Shida a Gonar Rachel

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024
Tantunan sun iso, guda shida, farare fat. Rachel ta ba da gonar mahaifinta a bayan Birmingham, ni kuma zan kula da baƙi. Shekara tara muna aikin jinya tare kafin ta kawo wannan shawara. Mutane su biya su kwana a daji kan katifa mai laushi, wai glamping. Da mijina Sha'aban na raye, da ya yi dariya har da hawaye.

Talata, 23 ga Afrilu
Rachel ba ta nan, ni na nuna wa ma'aikata inda za su kafa. Layi biyu, a manne da juna, ƙofa na kallon ƙofa. Ya yi kyau, amma na kasa shiga ko ɗaya.

Laraba, 24 ga Afrilu
Rachel ta gani ta riƙe baki. "Radiyya, mutanen nan privacy suke so, kowa a keɓe shi kaɗai. A ina kika ga ana jera tanti haka?"

A Mina na gani. Ban faɗa mata ba. Bara waccan a aikin Hajji, ina tantin mata, Sha'aban yana na maza, hanya ɗaya ce tsakaninmu. Zazzaɓi kawai ya ɗauke shi. Ban ga gawarsa ba, silifas ɗinsa da ya bari a ƙofar tanti aka miƙo mini a leda.

Ashe wurin na sake ginawa da hannuna.

Lahadi, 5 ga Mayu
Na gudo gidana a Levenshulme. Kwana goma ke nan. Rachel ta bugo sau huɗu. Ran sha bakwai baƙin farko za su zo, kuma ni ce mai gyaran gado. Wace irin mai tanti ce ke tsoron tanti?

Ledar na nan ƙarƙashin gadona. Ban taɓa kwance ta ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na koma gonar, ledar a cikin jakata. Mun warwatsa tantunan, kowanne da bishiyarsa. Wani ma'aikaci ya cire takalmi a ƙofar na huɗu ya shiga. Na tsaya ina kallon takalmin har mutumin ya fito. Ya fito kuwa.

Juma'a, 17 ga Mayu
Baƙi sun iso da la'asar. Na shimfiɗa gado shida tun da safe. Wai mun manta da tocila, sai a sayo gobe.

Ciyawar ta jiƙe da raɓa, takalmina duk ya sha ruwa, shi ya sa na kwance ledar na saka silifas ɗin Sha'aban. Sun yi mini yawa. A ƙofar tanti na cire su na shiga, da na fito suna nan.