Suna Ya Wuce Ba Ka Zo Ba

Daga uwarka a Gwaram zuwa gare ka a birnin Kano. Malam ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ina gaishe ka. Ya jikinka, ya zaman birni, ya mutanen gidan da kake? Mu nan lafiya, sai tsoro.

Matarka da ta zo goyon ciki gidansu a Fagam ta sauka, namiji. Mun aika maka. Ranar suna mun jira har fura ta yi tsami, ba ka zo ba. Fatake sun ce sun gan ka a filin dambe, ido a kumbure, wai ko wasa ɗaya ba ya wuce ka.

Surukinka ya sa wa yaron sunanka, yadda ake yi wa wanda ubansa ya mutu. Na roƙe shi har da kuka, bai ji ba.

Arba'in ta kusa. Surukin naka ya ce in ba ka zo ɗaukar matarka ba, alƙali zai raba auren.

Ka gaida maigidanka, a sa mu a addu'a. Don Allah ka kwance zaren damben nan daga hannunka ka taho, mutane su ga uban yaron da ransa.