Ganyen Furen Asta

Kabo

Zuwa ga ƙanena Zailani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya ruwa a Gwarzo? 'Yata Khairiyya ta sauka lafiya, an samu mace. Tun ranar bakina bai rufu ba.

Sai jiya maƙwabcinka ya ce ka yanke ganyen giladiyolan lambuna kakaf. Ban ruwa kawai na bar maka da zan taho Kabo. Furen nan matata marigayiya Asta ta shuka shi, kuma ba ni da irinsa a ko'ina. Wa ya aike ka?

Yayanka, Hadi

Gwarzo

Yaya Hadi,

Wa alaikumus salam. Allah ya raya. Furen ya riga ya bushe, sai ganye tsaye kamar takubba. Na tona ɗaya, na ga kai irin na albasa, na yi masa abin da nake wa albasata in ta ƙosa. Da furfurata za a koya mini noma? Na zata godiya zan samu. A gaida mai jego.

Zailani

Kabo

Zailani,

Bayan gaisuwa. Albasarka ta dame ka! Wannan bayan fure ne ganyen ke ciyar da kan, sai ya yi rawaya da kansa ake tonowa a shanya a inuwa. Asta ta sha faɗa a gabanka, kana can kana sauraren rediyo.

An yi wa jaririya huɗuba da sunan kakarta, muna kiranta Zinnira. Khairiyya ta roƙe ni irin furen uwarta ta shuka a tsakar gidanta, na ce ta sa a ranta ta samu. Yanzu me zan ce mata? Kada ka sake taka lambun.

Hadi

Gwarzo

Yaya,

Ina gaisuwa. Na taka, don ba ka isa ka hana ni ba. Na tone kawunan duka. Manyan sun yamushe, ba zan ɓoye maka ba. Amma a gindinsu akwai ƙanana manne, kamar ƙwayar gujiya, sun kusa cika tafin hannu. A zubar?

Zailani

Kabo

Zailani,

Salamu alaikum. Ka zubar ka gani! 'Ya'yansa ne. Ka shanya a inuwa, ka taho da su ranar suna. Ba za su yi fure ba sai Zinnira ta fara gudu, amma za su yi.

Har yanzu ina fushi. Ka zo da wuri, kai za ka riƙe ragon.

Yayanka, Hadi