Hannun Mace a Albarushina

Zuwa ga Saratu, uwar Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na san babu gidan waya a inda kike. Ko da ranki ma ba kya gane rubutuna, balle yanzu da nake yi da hagu. Amma sai na rubuta, don fushi nake da ke.

Gwazarmu ta yi kyau bana, aladen daji ne shaida. Shi ya sa na fito da babbar bindigar Baba, mai bakin nan da ƙwan zabuwa zai shige. Maƙerin da ke sayar mini da albarushi a gauraye ya daina tun bayan rikici, sai na je Kafanchan. Can aka nuna mini iri biyu, mai tsaki-tsaki da mai laushi kamar garin tuwo. Ni mai ilimin aji huɗu na yi nazari. Wa ke barin gari ya ɗauki tsaki? Na ɗura mai laushi, na danna sosai.

Aladen yana nan lafiya. Ni aka kai asibiti a bayan babur. Bindiga ta tsage daga gindi, ta tafi da babban yatsana da rabin gemuna.

A gadon asibiti Rifkatu ta fasa ƙwai. Wai duk ran da na kawo albarushi, jira kike in tafi gona, ki tankaɗe shi da rariya, ki mayar da tsakin cikin ƙahon da nake zuba albarushi, ki zubar da garin a rafi. Wai tsohonki maharbin Godogodo ya koya miki cewa babbar bindiga tsaki take ci, don a hankali yake kamawa. Mai laushi tashi ɗaya yake yi, na ƙaramar bindigar harbin kurciya ne.

Shekara ashirin da biyu, Saratu. Ina zagin maƙeri wai yana tauye mini awo, ina bugun ƙirji wai layata ke aiki, ke kuwa kina miƙa mini ruwan wanka kina cewa sannu da ƙoƙari. Wannan adalci ne? Me ya hana ki buɗe baki kafin ki tafi?

To, na sani. Ni na ce mace ba ta taɓa kayan maharbi. Ran da kika matsar da ƙahon don ki yi shara, kwana uku na ƙi tuwonki. Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Yunwa ce ta dawo da ni.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Maharban unguwa sun zauna, sun yanke cewa Rifkatu ce ta jawo, tunda ita ke share ɗakina yanzu. Ranar Asabar za ta kawo akuya, ta durƙusa gabansu. Har a coci mata sun fara janye kwanukansu in ta zo wucewa. Maharban nan tsofaffin banza ne, da yawansu biri ne kawai ya san ƙarar bindigarsu. Ita kuma, da taurin kan nan naki, ta ce za ta durƙusa don kada sunana ya zube.

Ba zan ɓoye miki ba, har kwana biyu na so in bar ta ta durƙusa.

Asabar ni zan je. Zan gaya musu duk naman da suka ci a gidana, hannun mace ne ya kashe shi. Za su kore ni daga cikinsu, su sa ni a waƙar burkutu. Su yi. 'Yarki ba za ta durƙusa ba, akuyar ma na sa ta kwance ta.

Ki huta lafiya. Sauran faɗan sai na iso.

Mijinki,
Dogara, maharbi zuwa ranar Asabar